Kalandar coci da rumbun gida: amsa ga wata 'yata a Garwa

Wata 'yata cikin Ubangiji ta aiko mini da tambaya daga Garwa. Ga abin da ta ce: "Baba, ni 'yar Mubi ce, aure ya kawo ni Kamaru shekara shida ke nan. A cocinmu na gida Kirsimeti da Ista kawai na sani. Nan kuwa sai na ga ana sauya mayafin bagade, yau shunayya gobe fari, ana maganar Lokacin Jira, ana maganar Karem, har maƙwabtanmu 'yan Katolika suna dawowa da toka a goshi. Wata ƙawata ta ce duk al'adar Turawa ce, babu ita a Littafi Mai Tsarki. Shin dole ne a bi? In ma an bi, me zai ƙara wa mace irina, wadda damuwarta cefane ne da kuɗin makarantar yara?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya raya yaran. Na ji daɗin tambayar, musamman ƙarshenta, domin wanda ya haɗa zancen bagade da zancen cefane ya kama bakin zaren. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin ikilisiya tsakanin ƙauyukan bakin Binuwai da ƙasar Marwa, kuma yawancin abin da zan faɗa miki a tsakar gidajen mutane na koye shi.

Bari in fara sauke miki nauyi: ba dole ba ne. Ceto bai rataya ga launin mayafi ko toka a goshi ba. Manzo Bulus ya gargaɗi mutanen Kolosi, sura 2 aya 16, kada su bari kowa ya ɗora musu laifi a kan ci da sha, ko idi, ko tsayawar wata, ko Asabar. A Romawa 14 kuma ya ce wani yana ɗaukaka wata rana fiye da wata, wani kuwa duk ɗaya ne a wurinsa, kowa dai ya tabbata a zuciyarsa. Don haka iyayenki na Mubi ba su rage komai ba, kada kuma wani a nan ya sa ki ji kamar da rabin addini kika zo.

Sai dai ƙawarki ta yi gaggawa da ta ce duk kayan Turawa ne. Ista daga Idin Ƙetarewa na Yahudawa ta fito, gama a lokacin idin aka gicciye Ubangiji. Fentikos ma idi ne na Tsohon Alkawari, Idin Makonni, kuma a Ayyukan Manzanni 20:16 za ki ga Bulus da kansa yana sauri ya isa Urushalima kafin ranar. Babban taron shugabannin ikilisiya da aka yi a Nikiya a shekara ta 325, a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, ya nemi a riƙa yin Ista rana ɗaya a ko'ina, kuma masanan Iskandariya ta Masar su ne gwanayen lissafin. Atanasiyus, bishop ɗin Iskandariya, ɗan nahiyarmu, yakan rubuta wasiƙa duk shekara ya sanar da ranar Ista, a cikin wasiƙun nan ma akwai zancen azumin kwana 40. Har yau Kiristocin Masar da Habasha kwana 55 suke azumi kafin Ista, ba kuwa Bature ne ya koya musu ba. Abin da ya zo daga Turai shi ne ranar 25 ga Disamba, wadda aka san ana kiyaye ta a Roma tun shekara ta 336, da makonni huɗu na jira, da shafa toka ranar Laraba, da tsarin launuka.

Mu nan ta hannun 'yan mishan abin ya iso mu. Lutheran na Amurka da na Nowe suka shigo a shekarun 1920, wasu ta Yagwa da Lere, wasu ta Ngawundare. 'Yan Katolika kuwa sai 1946, tare da Yves Plumey wanda daga baya ya zama bishop na farko a Garwa. Waɗannan duka masu bin kalandar ne. Wasu mishan ɗin kuma sun zaɓi sujada marar ado: waƙa, addu'a, wa'azi. Bambancin da kike gani tsakanin cocinku na gida da na mijinki, in kin bi sawunsa, yakan kai ki ga wace mishan ce ta riga isa ƙauyen kakanni.

To, mene ne amfaninta? Mai wa'azi ɗan adam ne. In an bar shi da zaɓinsa, ayoyi goma da yake ƙauna zai yi ta juyawa shekara da shekaru, mai son zancen albarka ya manta da gicciye, mai son zancen hukunci ya manta da komin dabbobi. Kalandar takan kama hannun fasto da na jama'a ta bi da su cikin rayuwar Yesu tun daga alkawarin zuwansa har saukowar Ruhu, kowace shekara, ko suna so ko ba sa so. Coci-coci da yawa suna bin jerin karatu na shekara uku: shekara ɗaya Matiyu, ɗaya Markus, ɗaya Luka, Yohanna kuma yana shigowa a manyan lokuta. Yaron da ya tashi a cikin wannan, kafin ya kai shekara goma sha biyu ya ji labarin sau huɗu.

Lissafin ba shi da wuya. Turaku biyu ne aka ɗaure shekarar a kansu. Kirsimeti ba ta motsi. Ista kuwa wata take bi: Lahadi ta farko bayan cikar watan da ya cika ran 21 ga Maris ko bayanta, shi ya sa ba ta wuce tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A 2025 ta faɗo 20 ga Afrilu, a 2026 5 ga Afrilu, a 2027 28 ga Maris. Ki ƙirga kwana 46 baya, kin sami Larabar Toka, wato kwana 40 na azumi da Lahadi shida da ba a lissafa su. Ki ƙirga gaba, rana ta 40 ita ce Hawan Yesu Sama, kullum Alhamis, ta 50 kuma Fentikos.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Littattafan wa'azin da aka rubuta a Turai suna cewa Kirsimeti haske ne a tsakiyar duhun sanyi da rashi, Ista kuma lokacin da furanni ke tohowa. A ƙasarmu abin a juye yake. Kirsimeti takan same mu rumbu cike, Ista ta same mu ƙasa ta bushe ƙaƙas, yunwa kuwa sai Agusta, nesa da manyan bukukuwan nan biyu. Na daɗe ina ganin wannan a matsayin cikas. Daga baya na gane a nan ne amfaninta yake a wurinmu, in dai mun karanta ta da idon manomi.

Shekarar coci tana farawa da Lokacin Jira, Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Ki dubi ƙauye a makonnin nan. Gero da dawa da masara da gyaɗa sun shiga rumbu, ana tsintar auduga ana kai ta ma'auni, hunturu ya fara busa leɓe. Shi ne lokaci ɗaya tak a shekara da talaka ke riƙe kuɗi a dunƙule. A daidai nan coci take karanta mana Yohanna Mai Baftisma. Ki buɗe Luka 3:10-14. Jama'a suka tambaye shi me za su yi, ya ce mai riga biyu ya ba marar ita, mai abinci ma haka. Masu karɓar haraji ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Sojoji ya ce kada su yi ƙwace, albashinsu ya ishe su. Amsa uku, duka ukun zancen dukiya. Saboda haka shirin zuwan Ubangiji a wurinmu yana farawa daga mudu: kada a danna gindinsa in ana sayarwa, a biya wanda ya yi maka ƙwadago a gona, a mayar da bashin da aka ci da damina kafin a je wurin mai atamfa.

Ba na manta wani magidanci a ɗaya daga cikin ƙauyukan da na yi aiki. Ran jajibirin Kirsimeti na gamu da shi yana dawowa daga kasuwa, sabuwar rediyo a kafaɗa tana ta kiɗa, turmi uku na atamfa a hammata, yaro na biye yana jan akuya. Kuɗin audugarsa ke nan, ragowar kuma ta tafi rumfar bilbil, wato burkutu, cikin kwana uku. Da Janairu ta kama ya sayar da buhun dawa don kuɗin makaranta, da araha, tun da kowa sayarwa yake yi. A watan Yuli na iske matarsa durƙushe a gaban mai awo, tana kwance bakin zane tana ƙirga 'yan sulalla, za ta sayi kwano ɗaya na irin dawar da mijinta ya sayar, kuɗin ya fi ninki biyu. Atamfar nan ce a jikinta, ta koɗe. Da ta gan ni sai ta kau da kai. Mutumin nan mai bi ne na gaske, mai waƙa a coci. Abin da ya rasa shi ne wanda zai gaya masa a watan Disamba cewa jira ma ibada ne, ni kuwa a shekarar ban faɗa da ƙarfi ba.

Kada ki ɗauka ina hana biki. A ci Kirsimeti, ko Nowel kamar yadda ake ce mata a nan, a ci da kyau. A ɗinka wa yara, a dafa shinkafa, a yanka abin da hali ya kai. In kina da maƙwabta Musulmi, ki roƙi maigidanki ya kira ɗaya daga cikinsu ya yanka dabbar, don in kin aika musu da kwano su ci da kwanciyar rai, yadda su ma suke aiko miki da Sallah. Amma ki tuna hadayar da Maryamu da Yusufu suka kai haikali, a Luka 2:24, 'yan kurciyoyi biyu ne, wadda Littafin Firistoci 12:8 ya ajiye wa wanda ba shi da halin ɗan rago. A gidan da ba su iya sayen rago ba aka haifi Mai Ceto, don haka babu wani gida da ya kamata ya ci bashi da sunansa. Kuma Kirsimeti kwana goma sha biyu ce, har 6 ga Janairu, ranar tunawa da masanan gabas. Tsohuwar da ba a samu an leƙa ta ran 25 ba, lokaci bai ƙure ba.

Makonnin da ke biye ba su da hayaniya: baftismar Yesu, kiran almajirai, farkon koyarwarsa. Sai kuma azumi.

Azumin nan shi ake kira Karem, kalmar Faransanci ce, asalinta daga "arba'in". Tun farko lokacin shirya masu neman baftisma ne, sauran jama'a kuma suna taya su da azumi da addu'a. Tokar da kika gani ta ganyen da aka riƙe ranar Lahadin Dabino ta bara ce, aka busar aka ƙona. Ana shafawa ana faɗin maganar Farawa 3:19, kai turɓaya ne, ga turɓaya za ka koma. Mu da ƙura ke shiga mana har cikin tuwo a watan Fabrairu ba ma bukatar dogon bayani.

A 2025 da 2026 azumin nan ya haɗu da watan Ramadan, yara da yawa suka dawo gida suna cewa abokansu sun ce namu azumin wasa ne, tun da muna shan ruwa. Ki koya wa naki su amsa da ladabi: kowanne da ƙa'idarsa. A wurin 'yan Katolika doka ta tsaya a kan rana biyu, Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau, cikakken abinci sau ɗaya a yini, ga wanda ya cika shekara 18 bai shiga ta 60 ba, sai kuma barin nama kowace Juma'a ta lokacin. Ruwa ba a hana ba. Mu Lutheran da sauran masu bishara ba mu da doka, kowa da abin da ya ɗaukar wa kansa a gaban Allah, Yesu kuwa ya ce a Matiyu 6 mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai kada a gane. Ina kuma ja miki kunne: a Garwa zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, lokacin sanƙarau ne kuma. Mai ciki, mai shayarwa, marar lafiya, tsoho, mai aikin ƙarfi a rana, kada ɗayansu ya ƙi ruwa da sunan ibada. Ba a roƙe shi ba.

Abin da aka roƙa yana cikin Ishaya 58:6-7: a kwance wa wanda aka danne, a raba abinci da mayunwaci, a shigo da marar gida, a suturta huntu. Azumin da abincinsa ya koma tukunyar mai azumin da daddare, an rage masa rabi. Abin da ka hana cikinka, na wani ne. Ga kuma hikimar lokacin a ƙasarmu: a Fabrairu da Maris ake yankan masakwa, dawar rani, a filayen laka na ƙasar Marwa da Yagwa, hatsi yana nan a kasuwa, bai yi tsadar damina ba tukuna. Babu wanda yake mutuwa da yunwa a Maris. Saboda haka abin da aka rage a azumi, ajiye shi ya kamata a yi.

Wata gwauruwa ce ta koya mini wannan, ba littafi ba. Na je gaishe ta wata rana da la'asar a cikin azumi, na same ta za ta kai niƙa. Ta auna dawarta a ƙwarya, sai ta ɗauki wani tsohon gwangwanin madara da ya yi tsatsa a baki, ta cika shi, ta share kansa da yatsa, ta juye a wani tulu mai tsaga da ke bayan ƙofa, ta rufe da faifai. Na ce, "Mama, wannan fa?" Ta ce, "Na Agusta ne, Malam. Ba nawa ba ne." Kullum haka take yi har Ista, sannan ta zuba toka a kai don ƙwari ta liƙe bakin da laka. Ki yi lissafi da kanki. Gwangwani 40 kusan mudu biyar ne, gwargwadon mudun garinku. Gida 30 su yi haka, gwangwani 1200 ke nan, kusan buhu biyu. Da zumuntar matan cocin suka ɗauki abin, shi ya riƙe gidaje da dama a daminar da ta biyo.

Wani ƙaramin abu kuma da ya dace da bazara: randa a ƙofar gida, da moɗa mai tsabta, don mai wucewa. Yesu ya yi zancen kofin ruwan sanyi a Matiyu 10:42. Maƙwabtanmu Musulmi sun daɗe suna yin wannan sadaka, babu kunya mu koya.

Makon ƙarshe na azumi shi ne zuciyar shekara duka, in da hali kada ki rasa ko rana ɗaya. Ranar Lahadi yara su yanko kaba ko ganyen giginya, tun da shi muke da shi. Ranar Alhamis ana tuna Jibin Ubangiji da wankin ƙafa, kuma sai wanda ya taɓa riƙe ƙafar manomi a tafin hannunsa, da kaushi da faso da ƙurar hanya, ruwan tasa ya koma ja, shi ya san abin da Bitrus ya ji da ya ce ba za a wanke tasa ba. Juma'a Mai Kyau hutu ce a Kamaru. Ki zauna a ƙarƙashin kwanon coci tsakanin sha biyu da ƙarfe uku, gumi na bin baya, a karanta inda ya ce, "Ina jin ƙishirwa." Ban taɓa jin ayar nan ta shige ni a wani wata kamar yadda take shiga ta a Afrilu ba. Daren Asabar kuma a hura wuta a waje, a kunna fitila daga gare ta, a yi wa sababbin masu bi baftisma. A ƙauyukan kan iyaka, wajen Mokolo da Mora, rikicin Boko Haram ya sa wurare da yawa sun mayar da sujadar dare ta koma la'asar. A sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo, wanda aka buɗe a 2013, akwai 'yan'uwa daga ƙasar Gwoza da ke rera waƙoƙin tashin matattu da Hausar da kika tashi da ita, nesa da kaburburan iyayensu. Ki riƙa tunawa da su a makon.

Ranar Ista babu furen da zan nuna wa jama'a, sai in nuna musu gawo. Kowane itace ya kaɗe, ciyawa ta ƙone, shi kuwa yana tsaye kore shar a tsakiyar fako, awaki suna cin 'ya'yansa. Saiwarsa ta kai inda ido ba ya gani.

Bayan Ista akwai wata tsohuwar al'ada da nake so ta dawo da ƙarfi. Kwana uku kafin Hawan Yesu Sama ana roƙon Allah saboda gonaki. Wani bishop mai suna Mamertus ya fara ta a birnin Vienne na Faransa wajen shekara ta 470. A wurinmu takan faɗo galibi cikin Mayu, daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa a Garwa, mutanen Marwa kuma suna sharar gona suna duban gabas, nasu ruwan sai Yuni. A kawo iri a ƙwarya gaban bagade, da fartanya, a yi addu'a, wanda irinsa ya ƙare kuma a ɗiba masa daga na wasu ba tare da an kira sunansa ba. Fentikos a ƙasar Yahudiya idin girbin alkama ne, mu kuwa shuka take samunmu muna yi. Rana ce kuma ta harsuna. A coci ɗaya a Garwa za ki ji Fulatanci da Faransanci da Tupuri da Mundang da Masa da Giziga. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, da Fulatanci a 1983. Ki nemi a ba ki aya ki karanta da Hausa a ranar, ke ma ki dage da koyon Fulatanci, don da shi za ki shiga zuciyar matan unguwarku.

Daga nan mayafi ya koma kore, ya zauna haka kusan rabin shekara, tun Yuni har ƙarshen Nuwamba. Ana ce masa lokaci na yau da kullum, mutane kuma suna ɗaukarsa kamar hutu. A ganina a nan ake gane ko abin da aka yi daga Disamba zuwa Mayu ya kama ƙasa. Benci yakan yi sako-sako, kowa yana gona, daga noman firi sai maimai, rafi ya cika ya raba ƙauye da ƙauye. Sai Agusta ta shigo da marka. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Ana kwaɗon tafasa da zogale a kwana a kai. Zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara. Mai neman bashi yana zuwa wurin mai hali ya karɓi kwano ɗaya a kan zai biya biyu da kaka, ga Satumba tafe da kuɗin makaranta. Wata shekarar ma ruwa ya haɗa da gidajen, kamar yadda ya faru a 2012, da kuma 2024 a Yagwa.

Ki duba abin da ake karantawa a lokacin. A shekarar Matiyu, kamar 2026, misalin mai shuka da na zawan cikin alkama a Yuli suke zuwa, lokacin da kowa ya kwana da ciyawa a rai. A shekarar Markus, kamar 2027, Lahadi biyar a jere daga ƙarshen Yuli har cikin Agusta Yohanna 6 ake bi: ciyar da mutum dubu biyar, da Gurasar Rai. Waɗanda suka tsara jerin ba su yi tunanin daminarmu ba, amma ga shi ya faɗo a kanta. Ba wa'azi mai wuya kamar ka tsaya gaban mutanen da ka san rabinsu ba su karya ba ka ce musu Yesu ne gurasar rai. Hanya ɗaya ce na samu ta faɗinsa ba tare da kunya ba: a ranar a fasa bakin tulun. Ki lura a labarin, kafin Yesu ya yi koyarwar sai da ya zaunar da su suka ci suka ƙoshi, kuma daga guzurin wani ɗan yaro aka fara. Rabon kuma da dare ya kamata a yi shi, mata biyu su kai har ɗaki a rufe da zane. Wanda aka kira sunansa a gaban jama'a don a ba shi mudu biyu, an ba shi abinci an karɓe mutuncinsa.

Godiyar kaka ba ta cikin tsohuwar kalandar, amma tushenta yana cikin Maimaitawar Shari'a 26, nunan fari a kwando gaban Ubangiji, kuma babu bikin da ya fi ta kama da mu. Ina da ƙorafi a kan yadda muke yin ta. Ana tara dammuna da buhuna, a yi gwanjonsu nan take, masu hali su yi ta gasa ana tafa musu, kuɗin duka ya tafi bulo da kwano. Gini yana da kyau. Amma littafin nan dai, a sura 14 aya 28 da 29, ya ce a ajiye wani ushiri a cikin gari don baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Hatsin da coci ta sayar da araha a Nuwamba, shi 'ya'yanta za su saya da tsada a Agusta. Ko kashi ɗaya cikin uku aka bari a rumbun coci, da mutum biyu amintattu masu riƙe mabuɗi da littafin lissafi, da an ga bambanci. Duk inda na samu dattawa suka yarda da wannan, ba su koma tsohuwar hanya ba.

Ran 1 ga Nuwamba 'yan Katolika suna tunawa da tsarkaka duka, kashegari kuma su ziyarci kaburbura. A ƙasar nan ba sai an je nesa neman misali ba. Simon Mpeke, wanda kowa ya sani da Baba Simon, fada ne daga kudu da ya zo ya zauna da mutanen duwatsun Tokombere, yana yawo ba takalmi, har ya rasu a 1975. Lahadin ƙarshe ta shekara kuma ta sarautar Almasihu ce, daga ita sai a koma Jira.

Na san ke a birni kike, ba ki da gona ba ki da rumbu. Kalandar manomi dai tana iso ki ta bakin mai awo a kasuwa, da ta 'yan'uwan mijinki da za su fara sallama daga ƙauye in damina ta yi nisa. Kada ki ɗauki komai da yawa a shekarar farko. Ki tambayi faston ku jerin karatun Lahadi, ki riƙa karanta wa yara bisharar makon tun daren Asabar, da Hausa, don in sun ji ta da Faransanci ko Fulatanci da safe su gane ta. Kafin Lahadin farko ta Jira ku zauna da maigidanki ku ware kuɗin makaranta na Janairu da bashin da ake binku, abin da ya rage shi ne na biki. In hali ya yi ku sayi buhu ɗaya da kaka ku ajiye. Da azumi kuma ki nemi gwangwani da bokiti mai murfi, ki sa babban yaronki ya zama mai aunawa kowace yamma, ki gaya masa ba namu ba ne. In Agusta ta zo ki shaida wa shugabar zumuntar mata, ita ta san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Ki gaida maigidan da yaran, ki gaida ƙawar taki ma, ki nuna mata amsar nan.